Alli Amana Ne: Nasiha Ga Matashin Malamin Lissafi

Ɗana, akwai maganar da ba na son ji daga bakin matashin da aka damƙa wa aji. Ka tambaye shi abin da yake yi yanzu, sai ya kawar da kai ya ce, "Ina ɗan taɓa koyarwa ne kafin aiki ya samu." Ana jin ta a nan Miri, ana jin ta a cikin garin Bauchi, kuma ta fi yawa a bakin masu takardar lissafi da kimiyya, domin su ne ke ganin banki ko kamfanin waya ko wata ma'aikatar tarayya na nan tafe. Ba na hana ka neman abin da ya fi, kowa da nauyin da ke kansa. Roƙona gare ka shi ne, muddin alli yana hannunka, kada ka mai da aji rumfar tasha, inda ake fakewa kafin mota ta cika. Yaran da ke zaune a gabanka ba jiran komai suke yi ba. Shekarar da suka yi a hannunka ta tafi ke nan, babu mai dawo musu da ita.

Ka dubi inda Allah ya ajiye ka. Daga Miri, in ka kama titin Jos ka nufi gari, ba za ka yi nisa ba sai ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abubakar Tatari Ali a Wuntin Dada. A Gwallameji ga ta tarayya. A Yelwa da Gubi ga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka kafa a 1980 domin fasaha, ga kuma asibitinta na koyarwa a cikin gari. Garuruwan Arewa da suka tara irin wannan arziki ba su da yawa. Sai dai zaman makaranta a garinku bai sa ɗanku ya shige ta ba. Duk mai son injiniyanci, ko likitanci, ko ilmin kwamfuta, ko aikin gona na zamani, abu guda ake fara tambayarsa: kiredit biyar a WAEC ko NECO, da Turanci da lissafi a ciki. Tsarin ilimi na ƙasa ya ware wa masu kimiyya kashi 60 cikin 100 na guraben jami'a, a kwalejojin fasaha kuwa kashi 70. Ka ga ƙofar da ta fi faɗi tana ɓangaren da yaranmu suka fi gudu. Yaron Miri da ya faɗi lissafi yana iya ƙare ƙuruciyarsa yana kai ɗaliban wasu jihohi Yelwa a Keke Napep, shi kuwa bai taɓa zama a kujerar aji ɗaya a can ba. Tuƙin keke sana'a ce ta halal, ban raina ta ba. Amma wanda ya zaɓe ta da kansa daban, wanda ya faɗa cikinta saboda malaminsa bai shiga aji ba daban.

In wani ya nemi ya sa ka ji kunyar aikinka, ka tuna masa a wane gari yake. Abubakar Tafawa Balewa, da ya gama Kwalejin Katsina a 1933, Midil ta Bauchi ya dawo ya riƙe alli, har ya zama shugabanta, kafin ƙasa ta kira shi ya zama Firayim Minista. Malam Aminu Kano a nan ya fara koyarwa a farkon shekarun 1940, kuma shi ne daga baya ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Malam Sa'adu Zungur, ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Legas, shi ma malami ne. Zaman tattaunawar da waɗannan mutane suka riƙa yi a Bauchi yana cikin abin da ya farkar da Arewa baki ɗaya. Ba masu kuɗi ba ne, malaman makaranta ne, kuma har yau sunayensu ke jikin jami'o'i da filayen jirgin sama.

Abu na farko da za ka yaƙa a cikin ajinka ba rashin littafi ba ne. Wata magana ce da yaro yake zuwa da ita daga gida: "Ni kaina ba ya ja a lissafi," ko kuma, "Lissafi ai ba namu ba ne." Yayansa ya faɗa masa, shi ma zai faɗa wa ƙanensa. Wannan magana ƙarya ce, kuma kana da hujjar da za ka karya ta. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya yi karatu a Katsina, ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, kuma a 1732 ya rubuta bayanin yadda ake jera lambobi a cikin murabba'i ta yadda duk layin da ka tara zai ba ka jimla ɗaya. A can ya rasu a 1741, masana tarihin lissafi suna ambatonsa har gobe. A zamaninmu ga Farfesa Iya Abubakar, haifaffen Belel a Adamawa, wanda ya bi ta Kwalejin Barewa, ya fita da daraja ta ɗaya a lissafi a Ibadan, ya yi digirin digirgir a Kambirij ta Ingila, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Ka rubuta sunayen nan a allo ranar farko. Yaro yana buƙatar ya ji cewa mai irin sunansa ya taɓa yin abin.

Amma hujjar da ta fi waɗannan ƙarfi tana cikin zauren malamin unguwarku. Ka taɓa zama wurin rabon gado? Suratun Nisa'i ta zo da kaso ƙayyadaddu: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sulusi biyu, sudusi. Ɗauki mutumin da ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, da mahaifinsa da mahaifiyarsa. Matar tana da ɗaya bisa takwas, 'ya'yan suna da biyu bisa uku, uba ɗaya bisa shida, uwa ɗaya bisa shida. Malamin fara'ili zai fara da neman asalin mas'ala, wato lambar da takwas da uku da shida duk za su raba ta babu saura, ya sami 24. Sai ya ba matar 3, 'ya'yan 16, uba 4, uwa 4. In ka tara sai ka ga 27, alhali dukiyar kashi 24 ce. Kason ya fi abin rabon yawa! A nan malamai suke yin abin da ake kira auli: a kasa dukiyar gida 27, ragin ya hau kan kowa daidai gwargwadon haƙƙinsa, sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Ɗana, wannan fa shi ne darasin da yaran ƙaramar sakandare suke kuka da shi, na haɗa lambobi masu sama da ƙasa. Dattijon da bai taɓa shiga boko ba yana yin sa a kan buzu, da alƙalami da tawada. Al-Khawarizmi ma, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban ɓangare na littafin a kan gado da wasiyya ya yi shi. Ka kai wannan mas'ala ajinka ka ga yadda yaran da suke barci za su miƙe zaune. A cikinsu akwai marayu da aka raba gadon ubansu suna kallo ba su gane komai ba. Haka zakka: ɗaya bisa arba'in a kuɗi, ɗaya bisa goma a amfanin damina, ɗaya bisa ashirin a noman da aka sha wahalar ban ruwa. Uban da ya ce boko ba ta da alaƙa da addininsa, ka bar ɗansa ya je gida ya lissafa masa zakkar masararsa daidai.

Kuma ka fita da su waje. Gari yana ta miƙowa ta wajenmu, ko'ina ka duba ana yanka fuloti ana aza harsashi. Ka nemi izinin wani magini ka kai ɗalibanka su ga yadda yake fitar da kusurwa. Zai auna ƙafa uku a igiya ɗaya, ƙafa huɗu a ɗayar, sa'an nan ya yi ta gyara har tsakanin alamomin biyu ya zama ƙafa biyar cif. In ya samu biyar, kusurwa ta tsaya. Uku sau uku tara, huɗu sau huɗu sha shida, ka tara ka sami ashirin da biyar, wato biyar sau biyar. Ƙa'idar Faisagoras ke nan da ake haddacewa da ƙyar a manta bayan jarrabawa, ga ta a hannun mutumin da ke cin abinci da ita kullum. Ka tambaye su: fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, in aka ninka faɗin aka ninka tsawon, fuloti nawa aka samu? Yawancinsu za su ce biyu. Ka bar su su zana a ƙasa da tsinke har su ga huɗu ne da idonsu. Ka kafa sanda a rana, ku jira lokacin da inuwarta za ta yi daidai da tsawonta, sa'an nan ku auna inuwar bishiyar da ke harabar makaranta, kun sami tsawonta ba tare da kowa ya hau ba. Yaron da ya san yadda ake duba inuwa don gane shigar la'asar ba zai ga baƙon abu a nan ba. Gani ya kori ji, kuma babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar sisin gwamnati.

Kada ka ji nauyin yin bayani da Hausa. Jarrabawa da Turanci za a yi ta, saboda haka dole su san kalmomin da yadda ake tambaya. Amma sau da yawa yaron da ka ɗauka lissafi ne ya gagare shi, Turancin tambayar ne ya tare masa hanya. Ka warware masa da harshen da yake tunani da shi, in ya gane sai ka ɗora masa Turancin. Farfesa Babs Fafunwa ya jarraba wannan a Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara darussan firamare da Yarabanci, kuma ba su kasa takwarorinsu ba, har a Turancin.

Yanzu bari in yi maka maganar bulala, domin a nan ne malaman lissafi da yawa suka yi asarar yara. Za ka sami ɗan aji ɗaya na babbar sakandare da bai san bakwai sau takwas ba. Ranka zai ɓaci, kuma da gaskiyarka. Amma ka tambayi kanka laifin wa? An turo shi daga aji zuwa aji, a ɗakin da yara suka yi yawa har malami bai san sunansa ba, babu wanda ya tsaya ya duba. In ka zane shi a gaban 'yan'uwansa, ka ce masa daƙiƙi, abin da ya koya ranar shi ne ya ɓoye jahilcinsa. Gobe zai koma kujerar baya, jibi zai tsallake katanga in lokacin darasinka ya yi. Lissafi kuwa ba ya yafe giɓi. Wanda bai iya sau ba ba zai iya rabawa ba, wanda bai iya rabawa ba aljabara za ta zame masa duhu. Saboda haka ka koma da su baya ba tare da ka wulaƙanta su ba. Minti goma a farkon kowane darasi, a yi jadawalin sau da baki. Ka duba littafin aikinsu da kanka, ka bi layi-layi ka gano inda ƙafar yaro ta zame, domin jan biro a kan amsa kawai ba ya koya wa kowa komai. Ka yaba wa wanda ya ɗaga hannu ya yi kuskure fiye da wanda ya yi shiru. Ka san sunayensu. Wallahi akwai yaron da kiran sunansa da malami ya yi, ya ce masa "ka kusa, sake gwadawa," shi ne abin da ya juya rayuwarsa.

Akwai jarrabawar da kai ma za a yi maka, kuma tana zuwa ne lokacin WAEC da NECO. Wani zai zo maka da murmushi ya ce, "Malam, a taimaka wa yaran nan." Ma'anarsa ka shiga ɗakin jarrabawa ka rubuta amsa a allo, ko ka warware tambayoyi a tura ta waya. Mai roƙon yana iya zama uba, yana iya zama abokin aikinka, yana iya zama wanda ke sama da kai. Ɗana, kada ka yi. Ba taimako ba ne. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, yaro zai zauna shi kaɗai da allon na'ura, babu malam a kusa. In ma ya lallaɓa ya wuce, shekarar farko a jami'a za ta tona shi, a kore shi bayan ubansa ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗi. In kuma ya lallaɓa har ya fita, to shi ne zai auna wa jaririn wani magani, shi ne zai lissafa ƙarfen da za a sa a bene. Ranar da aka yi kuskuren, hannunka yana ciki. Za a ce maka kana da tsauri, wataƙila a daina gaishe ka na ɗan lokaci. Ka jure. Taimakon da ya halatta tun watan Satumba ake fara shi, da darasin yamma da bitar tambayoyin shekarun baya.

Aikinka kuma bai ƙare a bakin ƙofar aji ba. Malamin lissafi da ya yi shiru a kan halin da kimiyya take ciki a makarantarsa ya bar rabin amanarsa. Ka dubi abin da Kano ta yi. A 1977, zamanin Kanar Sani Bello, jihar ta ga ba ta da likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa da za su ishe ta, sai ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya guda biyu, a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta kafa musu hukuma tasu, ta zaɓi yara ta hanyar jarrabawa, ta zuba malamai da kayan gwaji. Yau ka shiga manyan asibitocin Kano da sassan kimiyya na jami'o'inta ka tambayi manya inda suka yi sakandare, za ka gaji da jin "Dawaki". 'Ya'yan talakawa ne irin na Miri, ba a canza musu ƙwaƙwalwa ba. Wasu mutane ne suka yi magana, suka nace, har hukuma ta saurara.

Ba sai kana da kujera a ma'aikatar ilimi ba kafin ka yi naka. A ƙasar Kenya akwai wani malamin lissafi da fiziks, Peter Tabichi, wanda ya bar makarantar kuɗi ya koma sakandaren Keriko a ƙauyen Pwani, yankin Nakuru. A lokacin kwamfuta ɗaya ce a makarantar, malami guda yana fama da yara 58, wasu ɗaliban suna tafiyar kilomita 7 a ƙasa. Ya raya ƙungiyar kimiyya ta ɗalibai har suka fara doke manyan makarantun ƙasar a gasa, yana kuma bayar da kashi 80 cikin 100 na albashinsa ga mabuƙata. A watan Maris na 2019 aka ba shi kyautar gwarzon malamin duniya a Dubai, ta dala miliyan ɗaya. Ban kawo maka labarinsa don kuɗin ba, kuma ban ce ka rabar da albashinka ba; shi ba shi da iyali, kai kana da su ko kana shirin yi. Na kawo shi ne don ka ga cewa bai jira an gina masa ɗakin gwaje-gwaje ba kafin ya fara.

Sai maganar 'ya'ya mata, wadda ta fi ci mini rai. Mu ne muke kai matanmu asibiti mu ce lallai sai likita mace za ta duba su. Mu ne kuma in yarinya ta gama aji uku za ta zaɓi ɓangare, muke ce mata kimiyya ta yi wa mace nauyi. To daga ina likitar za ta fito? In ka ga yarinya mai kaifin kai a ajinka tana shirin gudun kimiyya saboda tsoro ko saboda maganar gida, kada ka tsaya kallo. Ka sanar da shugaban makaranta, ku sami wata malama ko wani dattijo a unguwa, ku je wurin mahaifinta cikin ladabi, da takardun sakamakonta a hannu. Iyaye da yawa ba ƙi suke yi ba, babu dai wanda ya taɓa zuwa ya ce musu 'yarsu tana da baiwa. Ka kuma kiyaye mutuncinka da nasu: kada ka keɓe da ɗaliba, kada ka ba shaiɗan ko bakin mutane ƙofa.

Na san albashi bai kai ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kai ma ka san kwana nawa yake yi a gidan mai iyali, kuma malaman makarantun kuɗi da yawa ko wannan ba sa gani. Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko 40 na aiki, ta ƙara wa'adi ne, ba ta cika tukunya ba. Ka nemi haƙƙinka ta hanyar ƙungiyarku, da babbar murya, babu kunya a ciki. Ka yi noma da damina, ka yi lesin da yamma, ka yi kiwo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka rama a kan yara, ka sa hannu a rajista ka fice, ko ka ɓoye rabin darasi sai wanda ya biya kuɗin lesin. Ba su ne suka riƙe maka haƙƙi ba, iyayensu ma irin wahalarka suke sha.

Don haka ga abin da nake so ka yi a wannan zangon. Ka zauna da malaman fiziks da kemistiri da bayoloji na makarantarku, ku rubuta abin da babu a ɗakin gwaji, dalla-dalla, da farashinsa. Ka miƙe a taron iyaye da malamai ka karanta shi da Hausa. Ku kai kwafi wurin mai unguwa da hakimi, da kansila, da tsofaffin ɗaliban da Allah ya buɗa wa. Ka roƙi liman ya ba ka minti biyar bayan sallar Juma'a ka yi wa iyaye bayanin kiredit biyar, domin da yawansu ba su san a kan me 'ya'yansu ke faɗuwa ba. Ka rubuta wa sashen lissafi ko na injiniyanci a Yelwa takarda, ka nemi a bar ɗalibanka su shigo su ga ɗakunan gwaji da idonsu. Kuɗin mota ne kawai tsakaninku da su. In an ƙi ka a karo na farko, ka sake komawa. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka ga ɗalibanka sun wuce ka.